Rawa Biyu a Gida Ɗaya

Ina da shekara hamsin da uku na fara koyon rawar Turawa, irin wadda namiji da mace ke riƙe juna suna zagaya ɗaki. A Madina kuwa, ba wani wuri ba. Duk wanda ya san ni zai ce sharri aka yi mini, don ko a bikin 'ya'yan cikina ban taɓa tashi daga kujera ba. Iyakata in tafa hannu sau biyu in gyara mayafi.

A Kano aka haife ni, aure ne ya kawo ni nan shekara talatin da suka wuce. Maigidana haifaffen Madina ne. Mahaifinsa ya taho aikin hajji ta Sudan tun yana saurayi, bai koma ba. Muna zaune a Aziziya, a hawa na biyu, mu biyu kacal, don yaran duk sun yi aure sun bar garin.

Da finjalin gahawa abin ya fara. A nan idan ana zuba maka gahawa, mai zubawa ba ya daina ƙara maka sai ka girgiza finjalin. Girgizawar ita ce "na ƙoshi", ba a faɗa da baki. Maigidana kuwa mutum ne mai shan biyar kafin ya girgiza. Wata safiya na zuba masa na farko, ya sha, ya miƙo yana girgizawa, na karɓa na ajiye. Washegari haka, jibi ma haka. A rana ta huɗu ya ce, "Wai rowar gahawa kika fara yi mini ne?"

Na ce, "Ai kai kake girgizawa."

Ya dubi hannunsa na dama da finjalin a ciki, ni ma na duba. Finjalin na kaɗawa a hankali, shi kuwa bai sa shi ba. Ya ajiye shi a kan faranti, ya sa hannun a aljihun riga.

Likita ya kira ciwon da Larabci "shalal ru'ashi", wato shanyewar jiki mai karkarwa. Ya ce ba ya warkewa, amma akwai magani mai rage shi, kuma a hankali yake tafiya. Da muka fito muka shiga mota, maigidan bai tayar da ita ba. Ya ce, "Ki rantse mini ba za ki gaya wa kowa ba. Ko yara. Balle Yaya."

Yaya ita ce babbar yayarsa, ita ce uwar dangin tun rasuwar mahaifiyarsu. A gidanta na Bani Harisa ake taruwa kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na san dalilin da ya sa ya ware ta. Mahaifinsu ma irin wannan ciwon ya yi, kafin a kawo ni. Shekara bakwai ya yi a ɗakin baya na tsohon gidansu, Yaya na jinyarsa, duk wanda ya zo gaishe shi sai ta tare ƙofa ta ce yana barci. Mutumin da a da ba a ɗaura aure a unguwa sai da shi, har ya rasu wasu sun ɗauka ya daɗe da mutuwa. Maigidana bai taɓa yafe mata wannan ba, ko da yake bai taɓa faɗa mata ba.

"Ranar da Yaya ta sani, ranar za a gyara mini ɗakin baya," in ji shi. "Ki rantse."

Na rantse da Allah, hannuna a kan nasa mai rawar.

Magani ya ɗan lafar da hannun, sai ƙafa ta ɗauka. Yana cikin tafiya lafiya lau, da ya zo bakin ƙofa sai ƙafafun su kafe kamar an liƙa su da ƙasa, gangar jikin kuwa ta ci gaba. Sau biyu ina tare shi da ƙirjina. Ya fara neman dalilin ƙin zuwa Harami, shi da ba ya haɗa kwana biyu bai yi salla a can ba. Yau cunkoso, gobe zafi. A gidan Yaya kuma ya sami mafaka a cikin al'ada: ya sha finjali ɗaya, hannu ya girgiza da kansa, a karɓe, ya ce likita ya hana shi yawan gahawa.

Likitar motsa jiki da aka tura mu wurinta yarinya ce, ba ta kai babbar 'yata ba. Ta ce ƙafar da ta manta yadda ake fara taku tana iya bin ƙirga. Ta ce abin da ya fi taimakon wasu masu ciwon shi ne rawar mutum biyu, wadda ake kira fals, don akwai ƙirga, akwai juyi, ga kuma wanda zai riƙe ka kada ka faɗi. Maigidana ya miƙe cikin fushi zai fita, sai ƙafa ta kafe masa a bakin ƙofar ofishin. Yarinyar ba ta taso ba. Daga inda take zaune ta shiga buga tebur da biro tana ƙirgawa. A zagaye na biyu ƙafar ta ɗaga, ya wuce.

Kwana biyu bai yi maganar ba. A na uku, yana kallon bango, ya ce, "Ba kiɗa. Ba mai ganina. Ke ki je ki koyo, ki zo ki koya mini."

Wurin koyon yana Sulɗana, a saman wani shagon labule, mata zalla. Wata mutuniyar Sham ce malamar, siririya, mai murya kamar ta ɗan kamasho. Amare take koya wa rawar da za su yi da ango idan ya shigo zauren mata ranar biki. Na tarar da 'yan mata bakwai, kowacce da wandonta na motsa jiki, ga madubi ya cinye bango guda. Ni kuwa na cire abaya sai ga ni da riga da zani na atamfa, ɗaurin ƙwarai. Malamar ta ce in ja ƙafar dama baya, doguwar ja. Na ja, zani ya ce bai san zancen ba. 'Yan matan suka sunkuyar da kai, kafaɗu na motsi. Da a wani wuri ne da sun ji abin da ya fi ƙarfinsu, amma na haɗiye. Washegari na zo da wandon barcin maigidan a ƙarƙashin doguwar riga.

Na gaya wa malamar ina son koyon takun mace da na namiji duka. Ta tambayi dalili, na ce motsa jiki ne. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ba ta ƙara tambaya ba.

Abin a baki ba shi da wuya. Taku uku ne, sannan wasu ukun, ƙafa ta zana murabba'i a ƙasa. Namiji ya yi gaba, mace ta yi baya. Amma ni idona na kan ƙafata kullum, malamar na ɗago mini haɓa da yatsa. Idan ta riƙe ni a matsayin namiji, kafin ta motsa na riga na ja ta. "Kina jana, ya hajja," take cewa da Larabci. "Ki bari a kai ki." Abin ya ba ni haushi. Shekara talatin ina tafiya a bayan mutum a titi, yau a ce ban iya bi ba. Na faɗa mata haka. Ta ce wancan bin ina ganin inda za ni, wannan kuwa da baya zan tafi, sai abin da hannunsa ya gaya mini. Hannun da zan dogara da shi kuwa na san halin da yake ciki.

A gida bayan la'asar muke yi. Mu ture teburin falo, in naɗe darduma, shi kuma ya bi labulaye ɗaya bayan ɗaya yana ja, har da na tagar da ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. Ranar farko kunya ta kusa kashe ni. Mun haifi 'ya'ya uku, amma ban taɓa tsayawa gaba da gaba da shi da rana tsaka, hancina kusa da haɓarsa ba. Ya ɗora hannun dama a bayana, na ji shi yana karkarwa a kan allon kafaɗata kamar waya idan an kashe mata ƙara. Ya taka ni sau huɗu. Ya ce ni ce ba na janye ƙafa, na ce shi ne yake shigowa kamar mai tura mota. Muka rabu kowa na huci.

Har kan ƙirga sai da muka yi rigima. Shi da Larabci yake yi, "wahid, itnen, talata", kafin ya gama furta talata ƙafa ta rikice. Na ce ya gwada namu. Ɗaya, biyu, uku, duk tsayinsu ɗaya, ba wanda ya fi wani. Ya ce Hausar ma yanzu gori za a yi masa da ita. Amma ya gwada, ta zauna. A mako na uku muka zagaya falon sau biyu ba tsayawa, kuma a tsakiyar zagaye na biyu na lura hannun da ke bayana ya yi tsit. Ban faɗa masa ba, tsoro nake kada ya tuna da shi. Duk taku ɗaya da na yi da baya, zuciyata na lissafin inda kan kujera yake, da yadda zan faɗi in ya rufto mini.

A mako na huɗu na ɗaga kai a wurin koyo, sai na ga 'yar autar Yaya a cikin madubi, tana cire abaya a bayana. Bikinta saura wata biyu, kuma ni ban taɓa kawo wa raina cewa amaren da ke zuwa nan suna da iyaye ba. Ta zo da gudu ta sumbaci goshina. Yarinya ce mai kirki, irin yaranmu na nan, ka yi musu Hausa su ji, su mayar maka da Larabci.

Bayan darasi ta same ni ina ɗaura takalmi. Ta durƙusa ta riƙe hannuwana, ta ce da Larabci, "Khala," wato inna, "me kike yi a nan? Na ga duk kin rame. Lafiya?"

Da safiyar ranar maigidan ya kafe a ƙofar banɗaki, ya buga kafaɗa da bango, na ɗaga shi. Wata shida ke nan ba wanda ya tambaye ni ko lafiya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na yi ƙasa da murya, na yi da Hausa don kada sauran su ji.

"Kawunki ne. Rawa ce ta kama shi. Hannu rawa, ƙafa rawa, kullum abin ƙaruwa yake. Shi ya sa nake zuwa. Don girman Allah kada ki gaya wa kowa."

Ta zaro ido, ta toshe baki da tafin hannu. "Khalu? Wallah?" Na ga idonta ya kawo ruwa, kafaɗunta na girgiza. Ta rungume ni, ta ce ba mai ji daga bakinta. Na ce a raina yarinyar nan akwai tausayi.

Tun a tasi na gane abin da na aikata. Na karya rantsuwa, kuma a hannun 'yar Yaya na ajiye sirrin. Na yi azumin kaffara kwana uku, maigidan na tambaya azumin me nake yi ba Litinin ba Alhamis ba, na ce ramuwa ce. Duk ƙarar waya sai in ɗauka Yaya ce. A wurin rawa na koma taka shi, shi ne ma yake ce mini in ɗago kai. Yana cikin farin ciki a kwanakin nan, har ya yi maganar ko ranar Asabar mu je Harami sallar azahar. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ranar Alhamis da hantsi Yaya ta kira wayata, ba tasa ba. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba. Ta ce, "Gobe kada ku zo. Ni zan zo, bayan la'asar." Ta kashe.

Na same shi a falo na gaya masa komai. Na so ya yi faɗa, don faɗa na san yadda ake tare shi. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa a kan gwiwa, sannan ya ce, "Ashe ke za ki kai ni ɗakin." Ranar ba a ture tebur ba. Abincin da na kai masa ma haka na ɗauke shi.

Yaya ta zo ita kaɗai, ɗanta ya sauke ta a ƙasa ya tafi. Shekarunta sun doshi saba'in, ga ciwon gwiwa, amma ta hau benen nan ba ta nemi hannun kowa ba. Ta zauna a kujerar tsakiya ba ta cire abaya ba. Maigidan ya zauna nesa kaɗan, hannun dama a aljihu. Na kawo dabino da dalla, butar gahawar nan mai dogon baki, na ajiye na koma gefe na zauna a ƙasa. Idon Yaya ya bi dardumar da ba ta koma daidai wurinta ba, ya bi sawun ƙafafun tebur.

"A nan ake yi ke nan," ta ce.

Ta ɗago ta dubi ƙanenta.

"Na ji labari, ban yarda ba. Na ce wa yarinyar ƙarya take, ta rantse da bakin matarka ta ji. Ɗan'uwana, da furfurarka, da jikokinka, a garin Manzon Allah, a ce ka zama ɗan rawa? Wai abin ya kama ka, hannu da ƙafa, ba ka iya zama sai ka taka. Har ka tura matarka makarantar amare ta koyo maka sabon salo. Jiya 'yan matan gidana dariya suke har da faɗuwa. Aib, wallahi aib."

Sai da ta kai ƙarshe kafin maganar ta zauna mini. Autar Yaya rawa iri ɗaya ta sani, ta taka kiɗa. Hausar da ta tsinta a gidan biki da bakin uwarta ba ta taɓa kai ta inda jiki ke rawa don ciwo ba, da Larabci ake gaya mata irin wannan. Hawayen da na gani ranar, dariya ce take dannewa. Na saci kallon maigidan. Shi ma ya gane. Na ga kafaɗunsa sun sauka, ya saki numfashi a hankali. Sirrinsa na nan. Ya dube ni, kallon da na fahimta sarai: a bar shi a haka.

Yaya ta juyo kaina. "Ke kuma. Shekara talatin ina cewa a cikin matan gidan nan ke ce mai kunya, ina kafa misali da ke. Ƙanena ko kiɗan biki ya ji hanya yake sakewa. Wa ya kawo masa wannan in ba ke ba? Yara sun tafi, zaman ya ishe ki, shi ne za ki mayar da dattijo abin dariya?"

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani, Yaya ma ta sani. Amsa ta zo mini har bakin leɓe, mai zafi, kuma gaskiya ce tsantsa. Na tuna na riga na karya rantsuwar nan sau ɗaya, Allah ya rufa asiri ta hanyar da ban zata ba. Na ce, "Ni ce, Yaya. Ni na matsa masa. Ki yi haƙuri."

Na jira ya ce wani abu, ko kalma ɗaya ce. Bai ce ba. Yana zaune yana kallon dabino, yayarsa na wanke ni tas, tana kiran iyayena da tarbiyyar Kano. A lokacin na ji haushinsa fiye da nata. Na miƙa hannu zan zuba gahawa don in sami abin yi, ta ɗaga mini hannu.

"Bari. Yau ba na shan ta hannunki."

Ta ɗauki dallar da hagu, finjali a dama, yadda ake yi. Ta zuba, ta miƙa wa ƙanenta. Ba a karɓar gahawa da hagu, balle daga hannun Yaya. Ya ce ya sha ɗazu. Ta ce, "Karɓi." Hannunta na miƙe, ba ta da niyyar janyewa.

Ya fito da hannun daga aljihu. Tashin hankali na ƙara masa karkarwa, kuma tun jiya yake cikinsa. Ya karɓa, gahawar na kaɗawa har ta ɗiga a kan farar rigarsa. Ya kai baki da sauri ya shanye, ya miƙa mata, finjalin na girgiza sosai. Ko baƙon da ya zo jiya ya san ma'anar wannan, karɓa za ta yi ta ajiye.

Ba ta karɓa ba. Ta tsaya tana kallon hannun. Sannan ta sa yatsunta biyu ta tallafi wuyan hannunsa daga ƙasa, ta karkata dalla ta sake cika masa.

"Tun yaushe?" ta ce. Muryar ta sauya gaba ɗaya.

"Yaya, na ƙoshi ne."

"Shekara bakwai ina ba Baba gahawa. Na san girgizar ƙoshi, na san wannan. Tun yaushe?"

"Wata shida."

Ta juyo ta dube ni, ta dubi dardumar, ta sake dubana. Na ga tana mayar da maganar 'yarta cikin kanta, kalma bayan kalma. Ta ce a hankali, "Hannu rawa, ƙafa rawa." Ta rufe ido.

Maigidan ya ajiye finjalin. Ya ce, "Yaya, tunda kin sani, ki ji da kyau. Ba zan shiga ɗakin baya ba. Ba za a tsaya a ƙofata a ce wa mutane ina barci ba. Abin da kika yi wa Baba ba za a yi mini ba."

Ban taɓa ganin an yi wa Yaya magana haka ba. Na zaci za ta tashi ta fita. Sai ta jingina da kujera.

"Ni na yi wa Baba?" ta ce. "Haka kake gani duk shekarun nan? Ranar da cokali ya faɗi daga hannunsa a gaban baƙi, ya kira ni ɗaki ya sa na dafa Alƙur'ani. Ya ce kada in bar kowa ya gan shi haka, kada kuma in ce shi ya ce. Abokansa na zuwa ina korarsu, suna zagina a bayan ido, ina shiga ina roƙonsa ya fito ko ƙofar gida ce, yana juya mini baya. Kai kana saurayi, kana wucewa kana harara ta. Na ga hararar. Rantsuwa ce ta hana ni magana." Ta nuna ni da haɓa ba ta dube ni ba. "Ita ma ka sa ta rantse, ko? Ka ja labule. Ka daina zuwa Harami, an gaya mini. Ka zauna ina zaginta ka yi shiru. To wa ya gyara maka ɗakin baya, ni ko kai?"

Hannun na kan gwiwarsa yana ta yi, bai mayar da shi aljihu ba.

Da ta tashi tafiya ya ce zai raka ta. Na buɗe ƙofar falo, wadda ke kallon matakala, ana jin yaran maƙwabta a ƙasa. Yana isa bakin ƙofar ƙafafun suka kafe. Yaya ta miƙa hannu za ta kama shi. Ya ce, "Bari, Yaya." Ya dube ni. Ƙofa a buɗe, muryata kuma ba ƙarama ba ce. Na tsaya a gabansa, na ɗora hannunsa a bayana, na ce, "Ɗaya, biyu, uku." A zagaye na biyu na ƙirgar ya tako, ni kuma na yi baya zuwa kan matakala ban waiwaya ba.

Yaya ba ta ba ni haƙuri ba, ba halinta ba ne. Har yau ba ta kiran abin da muke yi da sunansa, sai ta ce, "Kun yi darasin naku?" Amma kafin ta sauka ranar ta riƙe hannuna ta matse, ta daɗe ba ta saki ba.

Juma'ar da ta biyo muka je Bani Harisa. Ina ɓangaren mata, ƙofar da ke tsakaninmu da mazan a ɗan buɗe. Na ji ƙarar finjalai, na ji an zo kansa, sai na ji muryarsa, da Hausa tukuna sannan ya maimaita da Larabci saboda yaran. Ya ce hannunsa ba shi da lafiya, rawa yake da kansa, kuma ba zai daina ba. Ya ce daga yau kada wanda ya karɓe masa finjali sai ya faɗa da bakinsa. Autar Yaya na kusa da ni, ta ji Larabcin, ta juyo ta dube ni, wannan karon kukan gaske ne.

Na kasa kunne ina ƙirga zubin gahawar daga inda nake. Ya sha biyar.